Rafin da Baba Yake Tunawa

Shekarar da Baba ya fara mantuwa, ni kaɗai na rage tare da shi a gidanmu na Nima, a birnin Akara. Inna ta daɗe da rasuwa. Yayyena maza biyu suna Turai, ƙanwata tana aure a Kumasi. Ni kuma aurena ya mutu ba haihuwa, na kwaso kayana na dawo ɗakin da na tashi a ciki. Ɗaki tara ne a gidan, uku namu, shida na 'yan haya, saboda haka tsakar gida ba ta rabo da hayaniya. Wannan tana daka, waccan tana faɗa da 'ya'yanta da yarensu na Dagbanci, rediyo biyu suna gasa. Kowa yana gaishe ni, kowa yana tambayar jikin tsoho. Amma sai in yi mako guda ban yi magana mai tsawo da kowa ba.

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Adabraka. Da abin Baba ya yi nauyi, sai na roƙi mai shagon ya bar ni in riƙa zuwa bayan azahar. Da safe ina gida, da rana kuma wata 'yar haya mai ɗinki tana sa masa ido daga bakin kekenta.

Akwai wani abu da nake yi wanda ba wanda ya damu da shi: ina rubuta littafi. Labarin almara ne na wata ƙasa da babu ita, da wata mace mai jin maganar ruwa. Da Hausa nake rubuta shi, don Baba ne ya koya mini karatun Hausar boko tun ina ƙarama, da littattafan da yake saye a hannun 'yan kasuwa masu zuwa daga Kano. A Nima kowa yana jin Hausa, amma kusan ba mai karanta ta. Na taɓa miƙa wa wata abokiyar aikina shafi biyu, 'yar Mamobi ce, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, haihuwa da girma. Ta yi ta tuntuɓe a layin farko, ta yi dariya, ta ce in mayar mata da shi Turanci. Daga ranar ban sake nuna wa kowa ba.

Littafin ya shekara shida yana tsaye wuri ɗaya. Ina da mutanen, ina da abin da zai same su, amma ba ni da inda zan zaunar da su. Na ari ganuwa da fada da ƙofofin gari daga littattafan da na karanta, alhali ban taɓa wuce Kumasi ba. Duk gidan da na gina a takarda sai ya tsaya kamar hoton kalanda, ba ƙamshi ba wari. Nima kuwa ko sau ɗaya ban taɓa tunanin sa ta a littafi ba. Me zan rubuta? Rufin kwano mai tsatsa, lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace, da babbar kwata da ta ratsa unguwa tana ɗauke da leda da ruwan wanki?

Wata safiya na kai wa Baba koko da ƙosai. Yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, inda hantsi ke fara sauka. Ya karɓi kofin, ya dube ni sosai, ya ce, "Yaya, yau ba za ki rafi ba?"

Na ce, "Baba, ni ce fa."

Ya ce, "Na sani mana. Ki yi sauri kafin shanu su sauka su dama ruwan."

Ya sha kiran sunan Inna yana nufin ni, amma wannan sabo ne. Na san Baba ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, ya baro shi tun yana saurayi, bai taɓa komawa ba, kuma bai taɓa ba mu labarinsa ba. In mun tambaya sai ya ce, "Gari ne kamar kowane gari," ya kama wata magana. Sai na ce a raina, to ga shi yau ƙauyen ya biyo shi har Akara, da wata yayarsa da ba mu taɓa jin labarinta ba.

Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna. Na ce, "Wane rafi?"

Ya yi tsaki irin na wanda aka yi wa tambayar banza. Ya ce wanda ke ƙarƙashin tudu mana, mai farin yashi, inda faffaɗan dutse yake, wanda mata ke buga wanki a kai. Ya ce in na je in tsaya ta sama da dutsen, ruwan can ya fi sanyi.

Ran nan ban tafi aiki da wuri ba. Na shiga ɗaki na rubuta duk abin da ya faɗa a bayan wata tsohuwar takarda.

Haka muka ci gaba wata da watanni. Ba kullum yake magana ba. Wani lokaci sai ya kwana uku bai ce komai ba sai salati. Amma in abin ya zo, sai ya yi ta zuba. Ya ba ni labarin tudu biyu masu kallon juna, rafi a tsakaninsu. Ya ce a kan ɗaya akwai wata babbar bishiya, ƙarƙashinta ake sauke baƙi, duk wanda ya iso gari nan zai fara zama har a samo wanda ke jin yarensa. Ya ce shanu suna zuwa a rame, ƙafafunsu sun kumbura don tafiya, a sake su cikin ciyawa mai tsayin mutum, bayan wata ɗaya ba za ka gane su ba. Ya ce in iska ta juyo da la'asar, sai ka lashi leɓenka ka ji gishiri. Ya ce akwai wasu mata masu zuwa da sassafe daga kudu, da kifi a kai, ba sa jin maganarmu ba ma jin tasu, da yatsu ake ciniki, kuma in sun yi dariya har can tudu ake ji.

Duk na kwashe na zuba a littafina. Gishirin iska na ɗauka na ayarin raƙuma ne masu wucewa, sai na sa wani dutsen gishiri a bayan garin. Matan kifi kuwa na ɗauka mafarkinsa ne ya gauraya da gaskiya, don ina kifi a ƙauyen da ke bakin hamada? Sai na mayar da su mutanen ruwa, masu fitowa daga ƙarƙashin rafi da asuba su koma kafin rana ta yi zafi. Bishiyar baƙi ta zama tsakiyar labarin gaba ɗaya. Cikin wata huɗu na rubuta abin da ban rubuta a shekara shida ba.

Akwai abin da har yau yake damuna. Na daina gyara masa in ya ce mini Yaya. Na fara amsawa. Har na koyi yadda zan tayar da maganar: in na ajiye koko sai in ce, "Yau shanu sun sauka kuwa?" Wata rana ya gaji, idonsa yana lumshewa, ni kuma ina son in ji yadda ake ƙetare rafin da damina, na yi ta maimaita tambayar har ya ce, "Yaya, ki bar ni." Na tashi na shiga ɗaki, na daɗe zaune a bakin gado da biro a hannu, ina jin kunyar kaina. Amma washegari na sake tambaya.

Na kira babban yayana a waya na gaya masa. Na ce Baba yana maganar garinsu, kuma ina so in Allah ya ba shi sauƙi in je in ga wurin da idona. Yana cikin mota, ina jin ƙarar hanya. Ya ce, "Kin gaya wa likita yana surutai?" Na ce ba surutai ba ne. Ya ce to, ya ji, zai kira ni ranar Lahadi. Bai kira ba sai bayan mako uku, kuma bai tuna da maganar ba.

Baba yana da aboki guda da ya rage a raye. Tare suka yi kiwon shanun fatake suna samari, daga baya Baba ya koma sayar da goro, shi kuma ya zama mahauci. Kawu muke ce masa. Asalinsa Bamoshe ne, daga ƙasar Burkina, kuma Hausarsa ta zango ce tsantsa, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya daɗe da komawa unguwar Malam wurin ɗansa, ƙafa ta hana shi yawo. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da sanda, ya hawo torotoro, motar hayar nan ta cikin gari, shi kaɗai.

Baba bai gane shi ba. Ya ba shi hannu da ladabi kamar baƙo, ya tambaye shi mutanen gida. Kawu ya zauna kusa da shi, ya riƙe hannun bai saki ba. Da Baba ya fara gyangyaɗi, Kawu ya hango takardun da na bari a kan tabarma.

Ya ce, "'Yata, mene ne ka ke rubutu haka da yawa?"

Na ce labari ne. Na ce Baba yana ba ni labarin ƙauyensu, ni kuma ina gina garin almara a kai.

Ya ce, "Ƙauyensu? Shi? Karanta in ji."

Ban taɓa karanta wa kowa da baki ba. Amma na fara. Na karanta masa tudu biyu, da farin yashi, da dutsen wanki. Ya sunkuyar da kai yana saurare. Da na zo kan mutanen ruwa masu kifi a kai, sai ya fashe da dariya har da tari, har mai ɗinki ta tsayar da kekenta tana kallonmu.

Ya ce, "Mutanen ruwa! Wallahi matan ƙabilar Ga ne, 'yan asalin Akara. Daga bakin teku suna zuwa da ƙafa. Ɗaya ma ya taɓa mare ni da kifi."

Na ce, "Matan Ga a Damagaram?"

Ya share ido da gefen rawaninsa. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wane Damagaram? Tashi, ɗauko takalminka."

Na roƙi mai ɗinki ta duba Baba, muka fita. Kawu yana gaba yana dogara sanda, ina biye. Muka bi lungun bayan gidanmu, muka wuce mai sayar da wake da shinkafa, muka wuce wurin masu gyaran waya, muka gangara. Ban taɓa lura cewa gangara ce ba, shekara arba'in da wani abu ina bin ta. Muka tsaya a kan 'yar gadar siminti da ke kan babbar kwata. Wari ya daki hancina kamar kullum.

Ya nuna ƙasa da sanda. Ya ce, "Ga rafinka."

Ya juya ya nuna inda muka fito. "Ga tudu ɗaya." Ya nuna ƙetare, wajen Mamobi, inda rufin kwano ya hau kan rufin kwano. "Ga na biyu." Ya ce lokacin da suka zo, duk nan daji ne da gonakin rogo, gidaje ba su da yawa. Nan suke sakin shanun da aka koro daga arewa, su huta su yi ƙiba kafin a kai su mayanka. Ya ce teku ba ta da nisa, a da ba benaye da za su tare iska, shi ya sa ake jin gishiri.

Na ce, "Bishiyar fa?"

Ya daɗe yana dube-dube. Ya nuna wani bene mai hawa uku, sannan ya ce a'a, ya nuna wani shagon sayar da katifa, sannan ya sauke sandar. Ya ce, "Wajen nan dai. Na ɓata."

Dutsen kuwa ya same shi. Muka bi gefen kwatar kaɗan, ya nuna mini wani baƙin abu da ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin bangon siminti, faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, leda ta naɗe shi. Na sha ganinsa. Na ɗauka kankare ne da ya karye.

Na ce, "Kawu, to wace ce Yaya? Ba yayarsa ba ce?"

Ya ce, "Babanka ba shi da kowa. Maraya ne, yunwa ya koro shi. Ƙauyen nan ba abin da ya bari a can da zai tuna." Ya ce Yaya wata mata ce, Bakotokola ce a ƙabila, mai sayar da koko a ƙarƙashin bishiyar. Ba ta da miji ba ta da ɗa. Duk saurayin da ya sauka ba shi da kowa, ita ke ba shi koko har ya sami aiki, ita ke wanke masa riga in zai je neman aikin. Kowa Yaya yake ce mata, har tsofaffi. Ya ce da Baba ya yi zazzaɓi mai tsanani a shekararsa ta farko, a rumfarta ya kwanta wata guda. Na tambaye shi sunanta na gaskiya. Ya ce bai taɓa sani ba. Na tambaye shi inda aka binne ta. Ya ce suna can arewa sun je koro shanu ta rasu, da suka dawo sun tarar wata tana sayar da lemo a wurin.

Na raka shi ya hau mota, na dawo gida. Gaskiya ba daɗi na ji ba. Haushi na ji, kamar an ƙwace mini wani abu. Na yi wata huɗu ina zaune a wani gari mai nisa mai tsabta, ina shirin zuwa in gan shi, ashe kwatar bayan gidanmu ce. Na tattara takardun na sa a ƙarƙashin katifa. Na yi kusan wata biyu ban taɓa su ba, kuma na daina tambayar Baba shanu.

Shi kuwa bai daina ba. Wata safiya ya matsa sai an kai shi rafi. Ya sa hula, ya nemi takalminsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce a raina, to me zai hana? Na riƙe hannunsa muka bi lungun a hankali, mutane suna matsa mana suna gaishe shi. Da muka isa gadar na tsayar da shi.

Na ce, "Baba, ga shi."

Ya dubi ruwan, ya dubi gidajen, ya dubi masu wucewa da kaya a kai. Ya matse hannuna. Ya ce, "Yaya, ina ne nan? Mu koma Nima."

Na ce, "Nan ne Nima, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Mu koma, rana tana yi."

Na juya da shi muka hau gangarar. Ya tsaya hutawa sau uku. Da muka shiga gida ya zauna a kujerarsa, ya ce in ba shi ruwa, ya sha, ya yi barci. Ni kuma na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada 'yan haya su ji kukana.

Bayan wannan ne na ciro takardun. Na cire dutsen gishiri na sa teku. Mutanen ruwa na bar su, amma na ba su babbar dariya da saurin hannu. Na sa mai koko a ƙarƙashin bishiya, ban ba ta suna ba. Sannan na yi abin da ban taɓa shiryawa ba: na bar garin ya tsufa a cikin labarin. Gidaje suka ci ciyawar, aka sare bishiyar, aka ɗaure rafin da siminti, matar nan mai jin maganar ruwa ta riƙa durƙusawa a bakin kwata tana saurare mutane suna ce mata mahaukaciya. Kafin in tafi aiki sai in ɗan zaga unguwa, in bi lungunan da ban taɓa shiga ba, ina lura da inda ƙasa ta hau da inda ta sauka.

Baba ya rasu farkon damina, da hantsi, yana zaune a kujerarsa. Yayyena suka zo, ƙanwata ta zo, aka kafa rumfa a titi, aka yi addu'a, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Bayan kwana goma kowa ya koma inda ya fito. Na koma aiki cikakken yini.

Na gama littafin bayan wata bakwai. Na buga shi da kaina a shago bayan an tashi, na ɗinke shi da zare, kwafi ɗaya. Ranar Juma'a na hau torotoro zuwa Malam. Na sami Kawu a barandar gidan ɗansa, ƙafarsa a kan matashi. Na ce na zo in karanta masa.

Juma'a tara muka yi. Wani lokaci yana barci a tsakiyar babi, sai in yi shiru in jira, in ya farka ya ce, "Ci gaba, ina ji." Jikarsa budurwa ta taɓa zama da mu, ta saurari shafi ɗaya, ta ce Hausar ta yi mata zurfi, ta tashi. Shi kuwa ba ya barin kuskure ya wuce. Ya ce shanun da aka koro daga nisa ba sa gudu zuwa ruwa kamar yadda na rubuta, tsayawa suke su yi ta kallonsa tukuna. Ya ce mai koko ba ta da fara'a, na sa ta cika murmushi, alhali zagi take tana zuba maka. Na gyara da biro a gefen shafi.

Ranar da na karanta shafin ƙarshe, ya saurara har na rufe littafin. Sannan ya ce, "Ya yi." Ya gyara zaman ƙafarsa. Ya ce, "To yanzu me za ka riƙa zuwa yi?"

Na ce zan riƙa zuwa gaisuwa.

Na je sau biyu. A zuwa na uku na tarar da barandar ba kowa, an jingine tabarmarsa a bango. Surukarsa ta fito ta ce babbar 'yarsa ta zo daga Tamale ta tafi da shi, can zai fi samun kulawa. Ta ba ni lambar waya. Na kira a nan tsaye, aka kai masa, amma kunnensa ba ya ɗaukar waya, sai "Wane ne? Wane ne?" yake ta cewa, har aka karɓe.

Matar ta ce in shigo in sha ruwa. Na gode mata, na ce sai wani jiƙon. Na taka zuwa mahaɗar Malam, na tsaya cikin masu jiran mota, har aka kira Nima na shiga.